Me Yaro Ya Koyo Bana a Lakwal?

 

Sharhinmu na yau a kan ƴaƴanmu ƴan firamare ne, a nan Dakoro da kewaye. Duk inda babba ya gamu da yaro rataye da jakar lakwal, wato makarantar boko, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce, "Aji nawa kake?" Yaro ya ce CE2, a ce madalla, Allah ya yi albarka, kowa ya kama gabansa. Da wuya ka ji an ce masa, "To, me ka iya bana wanda bara ba ka iya ba?" A kan wannan tambaya ta biyu nake so mu ɗan zauna, domin ita ce ke nuna ko wata taran da yaro ya yi yana jeka-ka-dawo sun haifar da wani abu.

Firamare a ƙasarmu Nijar shekara shida ce: CI da CP, sai CE1 da CE2, sannan CM1 da CM2. Yaro na shiga yana da shekara shida ko bakwai. A ƙa'ida ana buɗe makaranta farkon Oktoba, a rufe a Yuni. Abin da aka tsara ya koya ba ɓoyayye ba ne: magana da karatu da rubutu da Faransanci, lissafi, sanin muhalli wanda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da kimiyya, tarbiyya da sanin haƙƙin ɗan ƙasa, ayyukan hannu da na lambu, waƙa, zane da motsa jiki. A takarda komai ya ji. Yanzu mu shiga aji mu gani.

Ga ajin CI a wani ƙauye, cikin Nuwamba. Yara na zaune ƙasa, wasu bisa tabarma, wasu bisa buhu, wasu bisa rairayi, kowa da ɗan allonsa a cinya da guntun alli. Madam, malamar ajin, ta rubuta harafi a babban allo, ta faɗa, aji ya ɗauka baki ɗaya har ana ji daga bakin rijiya. Ta buga sanda a tebur, kowa ya duƙa ya rubuta. Ta sake bugawa, alluna su tashi sama. Daga inda take tsaye tana ganin wanda ya yi daidai, da wanda ya juya harafin ya dubi baya, da wanda ya leƙi na maƙwabcinsa. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin ko dala. A wannan shekara ta farko ake son hannun yaro ya saba da alli, kunnensa ya rarrabe sauti, idonsa ya gane cewa wannan zanen shi ke ba da wancan sautin. In ya kai ƙarshen CP, kamata ya yi ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma, ya haɗa kalmomi ya fitar da jimla, ya kuma san abin da jimlar ke nufi.

A nan gizo ke saƙar. Yaron nan ya baro gida da Hausa a bakinsa, ko Fulatanci, ko Buzanci. Ya iya tatsuniya, ya iya kacici-kacici, ya san sunan kowace akuya a garken gidansu. Ranar da ya taka aji sai a ɗora masa kaya biyu lokaci guda: ya koyi wani harshe da bai taɓa ji a gida ba, kuma ya koyi karatu a cikin harshen nan da bai ji. Yaro kuwa yana da wayo, sai ya nemi mafita, ya haddace. Za ka gan shi ya buɗe shafi yana rerawa daga sama har ƙasa, yatsa na bin layi, murya tar. Amma sa tafin hannunka ka rufe hoton da ke shafin, ka nuna masa kalma guda a tsakiyar layi na uku. Sai ya yi tsuru-tsuru, ya koma farkon shafi yana biyowa a hankali ko zai cim mata. Wannan yaro bai iya karatu ba tukuna, kuma sau da yawa haka zai wuce aji na gaba.

Abin da ya sa na nace a kan karatu, duk sauran darussa ta ƙofarsa ake shiga. Daga CE1 darasin tarihi taƙaitawa ce da mushe, wato malamin aji, zai rubuta a allo, yara su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, su je gida su bita. Darasin kimiyya haka. Hatta lissafi, da zarar an bar ƙirga zalla an shiga matsalar da ake rubutawa da jimloli, wanda bai iya karatu ba ya tsaya ke nan, ko da kuwa kansa na ja. Sai ya zauna shekara huɗu yana zana haruffan da ba su ce masa komai. Kayensa tsaf, rubutunsa kamar na ɗab'i, amma ka ce ya gaya maka da Hausa abin da ya rubuta, shiru.

Ku dubi makarantar allo da yawancin yaran nan ke zuwa da asuba ko da dare. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji da kunnensa ya gamsu. A lakwal kuwa ana iya wanke allon shekara guda cur ba tare da wani ya zauna ya saurari yaron shi kaɗai na minti biyar ba. An rage maimaita aji don kada yara su gaji su gudu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai in za a wuce da yaro, to a san abin da ya rage masa, a biya masa shi a aji na gaba.

Wannan ba zato ba ne, an auna. Akwai gwajin da ake kira PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke shiryawa. A na 2014, cikin ƙasashe goma da aka gwada, Nijar ce ta zo ƙarshe: a cikin yaranmu da ke gab da gama firamare, waɗanda suka kai matakin da ake nema a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, a lissafi ma haka. A na 2019 an samu ci gaba, kusan uku cikin goma suka kai a karatu. A yaba wa malaman da suka yi wannan aiki, domin ba da wasa aka samu ba. Amma har yanzu bakwai cikin goma ke nan suka yi shekara shida ba su samu abin da aka turo su nema ba. Akwai kuma wani abin lura a gwajin. Ƙasar da ƴan ƙananan azuzuwanta suka yi zarra ita ce Burundi, wadda ba ta fi mu arziki ba. Can yaro da harshen Kirundi, na gidansu, yake fara karatu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyar da yaro da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka yi irinta da Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, dokar 2001 ta lissafa su guda goma, cibiyar INDRAP a Yamai ta wallafa littattafai. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ana abu guda, amma yawancin yaranmu har gobe da Faransanci suke cin karo ranar farko. Na san akwai iyayen da ke cewa, "Ni ban kai ɗana lakwal don ya koyi Hausa ba, ai da ita ya tashi." Ina girmama wannan damuwa, don uba yana hango jarrabawa da aikin gwamnati ne. Amsata ita ce, karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya gane yadda harafi ke zama magana a harshen da yake ji, in ya juya ga Faransanci harshen kawai ya rage masa. Kuma ina jan kunnenmu mu Hausawa: a arewacin gundumar nan da wajen Bermo akwai yaran da Hausar ma baƙuwa ce gare su. Kada mu sauke wa ɗanmu kaya mu aza wa ɗan Bafillace da ɗan Buzu. Kowane yaro a fara masa da harshen da uwarsa ke yi masa magana.

Mu koma lissafi, inda abin ya fi ba ni takaici, domin a nan yaranmu gwanaye ne tun kafin su ga ƙofar aji. Ɗauki yarinya ƴar shekara tara mai tallan ƙosai a tasha. Ka sayi na dala talatin da biyar, ka miƙa mata dala ɗari. Kafin ka mai da hannu aljihu ta ƙirgo maka canjin dala sittin da biyar, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Gobe da safe a aji mushe ya rubuta 500 a cire 175. Lissafin jiya ne sak, kuɗin ma su ne, amma sai ta rikice ta rubuta abin da ba shi ba, a ba ta sifiri, ta koma gida da yaƙinin cewa ita ba ta da kan lissafi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata cewa dala guda tamma biyar ce, cewa dala ashirin ita ce 100 da ake rubutawa, jika kuma 1000. Malamin da ya yi mata wannan gada ya koya mata ninkawa da biyar da rabawa da biyar a zama ɗaya, da abin da ta riga ta sani. Ga kuma wani tarnaƙin: a Faransanci tamanin "ashirin huɗu" ake ce mata, casa'in kuma "ashirin huɗu da goma". Yaro ya ji huɗu, ya ji ashirin, ya rubuta 420. Ba daƙiƙi ba ne, abin da kunnensa ya ji ya rubuta.

A ƙananan azuzuwa ana sa yara su zo da tsinkayen kara da tsakuwa da marafan kwalba, a ɗaure tsinke goma-goma don su gane gomomi da ɗaiɗai. Ina roƙon malamai kada su yi saurin jefar da tsinkayen nan. Daga CE ake shiga jadawalin ninkawa, rabawa, awon tsawo da nauyi da lokaci. A CM a zo ga ɓangarorin lamba, kashi cikin ɗari, faɗin fili, riba da faɗuwa. Duk waɗannan suna nan a gidan kowane manomi. Dami nawa aka samu bana, tiya nawa dami ke bayarwa in an sussuka, tiya nawa gida ke ci a yini, ke nan hatsin rumbu zai kai wane wata? Yaron CM2 da ya iya zama da mahaifinsa su yi wannan lissafi ya ci moriyar shekararsa, kuma mahaifin ba zai sake tambayar amfanin lakwal ba.

Tarihi da labarin ƙasa su ma haka. Yaranmu na haddace ranar 18 ga Disamba 1958 da aka kafa jamhuriya, da 3 ga Agusta 1960 da aka samu ƴancin kai. Suna jin labarin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a Lugu a 1899, da Kawusan da ya yi wa Agadas ƙawanya a 1916. Duk ya kamata su sani. Amma yaro nawa ne a nan aka taɓa gaya wa cewa Birnin Lalle, nan kusa da mu, mazaunin sarakunan Gobir ne bayan sun baro Abzin, tun kafin a kafa Alƙalawa? Makarantar horar da malamai ta Maraɗi sunan Bawa Jan Gwarzo, ɗaya daga cikin sarakunan Gobir, take ɗauke da shi, ga kuma tushen gidansu a ƙofarmu. Yaro nawa ne ya san cewa wata doka ta 1961 ta ja iyakar noma daga arewa, kuma kwarin Tarka na kan wannan gaɓa tsakanin ƙasar noma da ta kiwo? A aji guda ɗan manomi da ɗan makiyayi ke zaune kafaɗa da kafaɗa. In darasin zaman tare bai taɓo burtali da mashaya da lokacin sakin gonaki ba, to me zai taɓo? Gandun dajin Gadabeji yana nan tun 1955, a 2018 ma an kawo masa raƙuman dawa daga yankin Kure. Darasin dabbobi da tsirrai ga shi a shimfiɗe.

Kimiyyar firamare ba ta neman ɗakin gwaji. Ƙwayar wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, ta isa ta koya wa yaro lura da kwatantawa. In ya gane cewa sauro ke kawo zazzaɓin da ke kwantar da ƙannensa kowace damina, kuma a kwantaccen ruwa yake haihuwa, shi zai riƙa tuna wa gida gidan sauro. Sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi har ya girma, a jihar nan tamu ta Maraɗi ya bunƙasa tun shekarun 1980 har duniya ta zo koyo. Ya cancanci ya shiga darasin aikin lambu, a fita da yara gona su ga yadda hatsi ke yi a ƙarƙashin gawo. Waƙa da zane da guje-guje kuwa, kada a raina su, sau da yawa su ke sa ƙaramin yaro ya so dawowa gobe.

To amma duk wannan sai da lokaci, kuma lokaci shi ne abin da ake sace wa yaranmu ba a ji ba a gani. An ce a buɗe farkon Oktoba. A lokacin ana tsakiyar girbi da roron wake, yara na gona. Ajin zana kuma ba ya tsayuwa sai an samu kara, kara kuwa sai an gama girbi, don haka a ƙauyuka da dama karatu ba ya kankama sai Nuwamba. Can gaba hadarin farko ya taso, iska ta yaye rumfar, a ce sai baɗi. A tsakani ga yajin aiki, ga tafiyar malami gari karɓar albashi, ga ranar kasuwa. A shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci, makiyayi ya kaɗa dabbobinsa ya yi kudu da iyalinsa, sai dai makarantar da ke dafa wa yara abinci ta iya riƙe wasu. Wata tara na takarda ya zama shida ko abin da bai kai ba, manhajar kuwa ba ta ragu ba. Kuma ajin zana ba lokaci kaɗai yake ci ba. Ba mu manta da 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi ta hallaka ƙananan yara fiye da ashirin, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. A lokacin hukumomi da kansu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen dubu 36 a faɗin ƙasa.

Ba na ɗora wa malami laifin nan. Yawancin masu riƙe da azuzuwan ƙauye ƴan kwantaragi ne, albashi kaɗan, nesa da iyali, wani ma aji biyu yake haɗawa shi kaɗai. Abin da nake nema ga masu duba makarantu da daraktoci shi ne su daina ajiye gogaggen malami a CM2 kawai suna tura sabon shiga CI. An dawo da jarrabawar satifika ta CFEPD a 2024 bayan shekaru da dakatar da ita, kuma na ga amfanin hakan, don ta sa kowa ya farka. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Sakamakon da za a kafe a Yuni, tun a CI da CP aka rubuta shi. Malamin da ya fi kowa haƙuri da iya koyar da karatu, a ba shi ƙanana.

Saura mu iyaye. Wani zai ce, "Ni ban yi lakwal ba, ina zan gane?" Baba, za ka gane. Inna, ke ma za ki gane. In saƙo ya shigo salula, miƙa wa yaro ya karanta. Takardar asibiti, rubutun jikin buhun taki, allon bakin hanya, duk abin gwaji ne. In ya karanta, ce masa, "To, faɗa mini da Hausa." In ya iya, karatu ya zauna. In ya kasa, ba dukansa za a yi ba, wurin mushe za a je cikin mutunci a ce, "Malam, ga abin da na gani, yaya za mu yi?" Ɗiya mace kuma a rage mata tallan safe da ɗaukar ruwa a lokacin aji. Wadda ke zuwa bayan an gama darasin karatu kullum, rajista kawai ke gare ta.

Kusan kowace makaranta tana da kwamitin nan da muke kira COGES, ga ƙungiyar iyaye, ga ta uwaye mata. Shirin Makaranta Don Kowa, wanda aka soma a jihar Tawa a 2004 da taimakon ƙasar Japan, ya nuna abin da kwamitin zai iya in ya wuce maganar kara da zana. Ana yi wa yara ɗan gwaji mai sauƙi, a tara gari a faɗi sakamakon a bainar jama'a, sannan a shirya zaman bita bayan an tashi daga aji, samarin gari da suka yi karatu su taimaka, a raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya, ba gwargwadon ajinsa ba. Ba ya buƙatar jiran Yamai. A taron farko na shekara, iyaye su roƙi darakta ya gaya musu yara nawa ne a CE1 ke iya karanta gajeren labari su ba da ma'anarsa, nawa ne ke iya cire lamba daga lamba da aro. A rubuta adadin a ajiye wurin shugaban kwamiti. A sake tambaya kafin hutun Disamba, a sake a ƙarshen Maris, tun da sauran lokacin gyara kafin ruwa ya sauka.